Farin Soso: Ire-irensa, Amfaninsa Da Illarsa

A hutun da ya wuce mahaifinmu ya sayo firji. Da aka kawo shi gida aka farke kwalin, sai muka ga an tokare kowace kusurwa tasa da wani farin abu mai kauri, ga girma kamar tubali, amma in ka ɗaga sai ka ji kamar ba ka ɗauki kome ba. Nan da nan ƙannena suka yi masa caa, wannan ya ce jirgin ruwa zai sassaƙa, wancan ya ce mota. Ba a jima ba tsakar gida ta yi fari fat da 'yan ƙwayoyi, kai ka ce ƙanƙara aka yi.

Kakarmu ta ɗauki guntu ta jujjuya, ta murza, ta shinshina, sa'an nan ta dube ni ta ce, "Kai maigidan, ɗan boko, wannan kuma mene ne? Auduga ce aka daskarar, ko kuwa totuwar kara ce ta ƙasar Turawa?"

Na ce, "Soso ne, Kaka."

Ta ce, "Soson me? Ai soso ruwa yake sha. Wannan kuwa ga shi can yara sun jefa a baho, sai yawo yake yi a sama, ko jiƙa bai yi ba."

Na yi shiru, kunya ta kama ni. Ga ni ɗalibin kimiyya, amma abin da nake takawa kullum a hanya na kasa faɗin ko mene ne. To, tambaya rabin ilimi. Da muka komo makaranta na tafi wurin malaminmu na kimiyya, ya yi mini bayani, ya kuma nuna mini abin da zan karanta. Abin da na samo shi ne nake so in gutsura wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Sunansa Da Asalinsa

Sunan wannan abu a wurin masana folistirin. Wani nau'in roba ne, kuma tushensa ɗanyen man fetur da iskar gas. Daga cikinsu ake samo wani ruwa mai wari da ake kira sitirin. Idan aka sarrafa ruwan nan, sai 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyinsa su riƙa kama juna, dubbai a jere, kamar yadda mata ke shirya duwatsun wuya a zare. Da sun sarƙu haka, ruwa ya zama roba mai tauri. Irin wannan robar ce gangar biron nan mai garai-garai da muke rubutu da shi, ita ce kuma ƙaramin cokalin roba mai saurin karyewa.

Wani mai haɗa magunguna a birnin Balin na ƙasar Jamus, mai suna Eduard Simon, shi ya fara cin karo da ita a shekarar 1839. Ya tace ƙaron wata bishiya ya sami wani mai, ya ajiye, bayan 'yan kwanaki sai ya tarar man ya yi kauri ya daskare. Bai gane abin da ya faru ba. Sai a 1920 wani Bajamushe kuma, Hermann Staudinger, ya bayyana cewa irin waɗannan abubuwa dogayen sarƙoƙi ne na ƙananan ƙwayoyi, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1953. Wajen 1930 aka soma yin robar da yawa a masana'anta a garin Ludwigshafen.

To, yaya roba mai tauri ta koma abu sakayau haka? Amsar ita ce iska. Farin soson da ya zo da firjinmu, in aka kasa shi kashi 100, wajen kashi 98 iska ce, kashi 2 ne kawai roba. Robar an hura ta ne ta zama ƙananan ɗakuna bila adadin, kowane ɗaki a rufe ruf, da 'yar iskarsa a ciki.

Duk amfanin farin soso daga nan ya taso. Ba shi da nauyi, domin iska ce. Ba ya nutsewa a ruwa, domin ɗakunan a rufe suke. In abu ya buge shi, ɗakunan su lotsa su shanye bugun. Babban abin kuwa shi ne, iskar da ba ta motsi ba ta iya kai zafi daga wani wuri zuwa wani da sauri. Wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Shi ya sa ɗakin jinka ya fi ɗakin kwano sanyi da bazara, shi ya sa kuma kaza ke kumbura gashinta da hunturu, don ta tsare iska a jikinta.

Nan ne kuma amsar tambayar Kaka take. Soson katifa da na kujera wata roba ce dabam, ɗakunanta a buɗe suke suna shiga juna, don haka take shan ruwa, in an danna ta kuma ta dawo. Suna ne kawai ya haɗa su.

Iri Na Farko: Mai Ƙwayoyi

Wannan shi ne wanda muka fi sani, Turawa na taƙaita sunansa da haruffa uku, EPS. In ka karya shi za ka ga 'yan ƙwayoyi kewayayyu manne da juna. Yadda ake yin sa ya yi kama da yadda ake yin gugguru. Da farko ƙwayoyin ƙanana ne masu tauri, kamar sukari mai tsaba, amma a cikin kowace an sa wani ruwa mai suna fentan, wanda ke tafasa a digiri 36 kacal, watau ko zafin ranar watan Afrilu a Sakkwato ya fi haka. Sai a busa musu tururi. Robar ta yi laushi, ruwan cikin ya zama iska ya tura ta, ƙwaya ta kumbura har ta ninka girmanta wajen sau 40. A bar su su huta, sa'an nan a zuba su cikin mazubi mai siffar abin da ake so, a sāke busa tururi, su ƙara kumbura su manne da juna. Shi ya sa soson firjinmu ya zauna wa kusurwoyinsa daram, kamar tela ya auna.

Wanda ya gano wannan dabara wani masani ne mai suna Fritz Stastny, ma'aikacin kamfanin BASF na Jamus, a 1949. An ce a gwangwanin man goge takalmi ya zuba abin gwajinsa ya sa a wuri mai zafi, da ya dawo sai ya tarar abin ya kumbura ya fito, ya ɗaga murfin gwangwanin a kansa kamar hula. A 1952 kamfanin ya fito da shi kasuwa da sunan Styropor.

Aikinsa yana da yawa. Da shi ake tokare talabijin da firji da kwamfuta, har su ƙetare teku su hau mota su iso Kano ba su fashe ba. Da shi ake yin fararen akwatunan da ake zuba kifi da ƙanƙara, da waɗanda ake aiko da magunguna da alluran da ba sa son zafi. Masunta na ɗaura guntayensa a jikin koma don kada ta nutse, aikin da gora ke yi a da. Masu ƙawata wurin biki na yanka shi su yi manyan haruffa, magina kuma na yin adon sili da na gaban gida da shi.

Akwai kuma inda yake ceton rai. Duk wanda ya leƙa cikin hular kwano ta masu babur, a ƙarƙashin kwanon zai ga farin soso mai kauri. Kwanon waje yana hana abu ya huda, amma soson nan shi ke shanye bugu kafin ya kai ga ƙwaƙwalwa. Sai dai ga abin lura: in ya lotsa ba ya dawowa. Saboda haka hular da aka taɓa faɗuwa da ita aka bugu sosai ta gama aikinta, ko da daga waje ba a ga tsaga ba. Wannan magana ce ga yayyenmu masu babura.

Labarai biyu sun ba ni mamaki ƙwarai. A 1964 wani jirgin ruwa mai suna Al-Kuwait ya kife a tashar jiragen ruwa ta Kuwet, ɗauke da dubban tumaki. Mutanen ƙasar kuwa ruwan teku suke tacewa su sha, sai aka ji tsoron mushen ya ɓata ruwan. Wani mutumin Danmak, Karl Krøyer, ya kawo shawara a riƙa ɗura ƙwayoyin farin soso cikin jirgin ta bututu. Aka yi ta ɗurawa, ƙwayoyin suka kori ruwan ciki, jirgi ya taso sama. Na biyu kuma, a 1972 a ƙasar Norwe, kusa da birnin Oslo, akwai wata hanyar mota da ke ta lumewa saboda ƙasar wurin mai laushi ce, duk cikon da aka yi sai ya ƙara mata nauyi. Sai injiniyoyi suka jera manyan tubalan farin soso a ƙarƙashi, suka shimfiɗa hanya a kai. Tun daga nan ƙasashe da dama suka kwaikwayi dabarar.

Iri Na Biyu: Allo Mai Santsi

Shi wannan ba shi da ƙwayoyi. Ana narkar da robar ne a cikin inji, a cusa mata iskar gas, sa'an nan a turo ta ta wata siririyar kafa, kamar yadda injin taliya ke turo ƙulli. Tana fitowa sai ta kumbura ta zama dogon allo, a yayyanka. Haruffansa XPS. In ka karya shi za ka ga cikinsa sumul. Ya fi na farko ƙarfi da tsada, ya kuma fi shi ƙin ruwa, domin babu 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya. Galibi yakan zo da launi, shuɗi ko ruwan hoda ko kore, gwargwadon kamfanin da ya yi shi.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a farkon shekarun 1940, roba mai talewa ta yi wuya. Wani injiniyan kamfanin Dow na Amurka, Ray McIntire, yana neman abin da zai maye gurbinta wajen rufe kayan lantarki, sai ya ɓuge da samun wannan soso. Daga baya aka ga ashe wani mutumin Suwidin, Carl Munters, ya riga shi gano hanyar, don haka kamfanin ya sayi izni daga gare shi. Suka sa masa suna Styrofoam. Yau mutane na kiran kowane farin soso da wannan suna, alhali kuwa sunan na shuɗin allon nan ne, kamar dai yadda muke kiran kowane garin sabulu Omo.

Tun farko an yi amfani da shi a kwale-kwalen ceton mutane a teku. Yanzu babban aikinsa a gini yake. Ana sa shi a bango da ƙarƙashin rufi da ƙarƙashin daɓe. A ƙasashen sanyi yana hana ɗumin ɗaki fita, a ƙasashen zafi kuwa yana hana zafin rana shiga. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin kwano marar sili da bazara ya san darajar wannan aiki. Masu koyon zanen gidaje ma da shi suke sassaƙa ɗan samfurin gini.

Iri Na Uku: Siririn Falle

Wannan ƙanen na biyu ne. Hanyar yin su ɗaya, sai dai shi ana fito da shi siriri kamar kwali, a naɗe. Daga nan a ɗumama shi a danna a mazubi, ya fito da siffar faranti ko akwati mai murfi. Shi ne farar robar da muke kira tekawe, wadda ake zuba shinkafa a ciki a wurin biki da suna da gidajen abinci. Da shi kuma ake yin farantin da manyan kantuna ke jera nama ko ƙwai a kai. Araha gare shi, ba nauyi, abinci kuma ba ya saurin hucewa. Wannan ne ya sa ya cika gari.

Akwai wasu ƙananan ire-ire. Ɗaya mai ƙwayoyi ne amma launin toka, domin an gauraya shi da garin baƙin abin nan na cikin fensir, wanda ke ƙara masa ƙarfin tare zafi. Wani kuma an yi shi gutsi-gutsi kamar kwanson gyaɗa, ana cika kwali da shi a kewaye kayan da ke fashewa. In kana so ka tabbata abu folistirin ne, duba gindinsa, sau da yawa za ka ga lamba 6 a cikin 'yar alama mai kusurwa uku.

Gani Ya Kori Ji

Da na koma gida hutun tsakiyar zango, na tattara ragowar soson firjinmu na harhaɗa ɗan akwati da murfinsa. Na ɗauko ƙanƙara biyu masu girma ɗaya, na sa ɗaya a kwanon sha, ɗaya a akwatin, na ajiye su a inuwa ɗaya da hantsi. Kafin azahar ta kwano ta zama ruwa. Da la'asar na buɗe akwatin a gaban Kaka, sai ga ƙanƙara da sauranta. Ta riƙe baki. Kowa na iya gwada wannan a gida.

Inda Gizo Ke Saƙa

Amma fa kada daɗin labari ya sa mu manta da ɗaya gefen. Halayen da suka sa farin soso ya yi amfani, su ne kuma suka sa ya zama abin damuwa.

Na farko, wuta. Yana fara laushi a wajen digiri 100, watau zafin tafasasshen ruwa, in kuwa ya kama wuta sai ya narke yana ɗiga, yana fid da baƙin hayaƙi mai cutarwa. A 1996, a filin jirgin sama na Dusseldorf a Jamus, tartsatsin walda ya kama soson da ke cikin sili, mutum 17 suka mutu, yawancinsu hayaƙi ne ya kashe su. Saboda haka wanda zai sa shi a gini lalle ya rufe shi da siminti ko wani abin da ba ya cin wuta. Masu hura gawayi da guntun soso ko leda kuma, don Allah su bari, hayaƙin nan ƙirjinsu yake shiga. Fetur ma narkar da shi yake yi nan take. Wasu kan yi amfani da wannan su liƙe rufin kwano mai yoyo, amma ƙullin da ke fitowa mugun mai kama wuta ne, ba abin wasan yara ba ne.

Na biyu, abinci mai zafi. A cikin robar akan sami ɗan ragowar sitirin, kuma zafi da maiƙo suna taimaka masa ya ratsa cikin abinci. A 2018 hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sitirin cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna iya jawo ciwon. Gaskiya ne abin da ke fita daga roba ɗaya kaɗan ne ƙwarai, waɗanda suka fi shiga haɗari su ne ma'aikatan masana'antu masu shaƙarsa kullum. Duk da haka rigakafi ya fi magani. Kada a zuba miya tana tafasa ko suya daga cikin mai kai tsaye, kada kuma a ɗumama abinci a cikinta.

Na uku, kuma mafi girma, ba ya ruɓewa. Ganye ya ruɓe, kwali ya ruɓe, ƙwarya ta ruɓe, shi kuwa sai dai ya marmashe ya zama ƙanana. Ranar da aka kawo firjinmu sai da muka kore kaji, don sun ɗauka hatsi ne suka hau caccaka. Dabbar da ta cika cikinta da irin wannan ba abinci ta ci ba. Da damina ta kama kuma, ruwan farko mai ƙarfi ya cika layinmu har ya shiga zauruka. Samarin unguwa muka yi gayya muka yashe kwata. Abin da muka yi ta fitarwa leda ce da farar robar tekawe, tuli guda a bakin kwalbati. Tun da ba ta nutsewa, ruwa ke kwaso ta daga ko'ina ya tara a maƙurar hanya.

Wani zai ce, me ya hana a narkar da shi a sāke amfani da shi? Ana iyawa, a wasu wurare ma ana yi. Amma ku tuna iska ce. In ka cika mota da shi, robar da za ka samu ba ta taka kara ta karya ba, kuɗin mai ma ba zai fita ba. Shi ya sa 'yan gwangwan ke tsince ƙarfe da gorar ruwa su tsallake shi. A 2015 masana a jami'ar Stanford ta Amurka tare da abokan aikinsu na ƙasar Sin sun nuna cewa akwai wata tsutsa da ke iya cin sa ta narkar, amma wannan bai kai ga share bola ba tukuna.

Don haka hukumomi suka fara ɗaukar mataki. Birnin New York ya hana zuba abinci a irin wannan roba a 2019, ƙasashen Tarayyar Turai suka hana a 2021, a watan Janairu na 2024 kuma gwamnatin Jihar Legas ta hana, babban dalilinta kuwa shi ne toshewar magudanan ruwa.

Abin Da Na Fahimta

Ni dai a nawa ɗan tunanin, laifin ba na soson ba ne, na yadda muke aiki da shi ne. Inda zai daɗe yana aiki, kamar cikin bango, ko hular kwano, ko akwatin magani, ya cancanci yabo. Amma a ɗauki abin da zai fi mu daɗewa a duniya, a ci shinkafar minti goma a ciki a jefar, wannan ba dabara ba ce.

Ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai, in za mu sayo abinci mu tafi da kwanonmu. In ta kama dole mun karɓi tekawe, kada mu jefa a kwata, kada mu ƙona. Iyayenmu mata kuma, in ana biki ko suna, a tuna da langa da samira da faranti, waɗanda ake wankewa a mayar ɗaki. Soson da ya zo a kwali a adana shi, yana da ranarsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma in kowane gida ya rage nasa, kwatar unguwa za ta shaida.

Da na gama yi wa Kaka wannan bayani, sai ta yi dariya ta ce, "To, maigidan, yau ka fita kunyata. Ashe dai iska Bature ya ɗaure yake sayar mana!" Ɗan akwatin nan kuwa ta ƙwace shi. Yanzu a ciki take ajiye goronta.